Marina: masana'antar bakteriya da kakanninmu suka riƙe

1/ Jama'a, duk labarin da na karanta na masana da ke sarrafa ƙwayoyin bakteriya su haɗa sinadaran masana'antu, marina yake tuna mini. Mu 'yan Birnin Kudu da Gwaram, da muke cikin Jihar Kano har 1991, tarihin nan namu ne. Ku biyo ni.

2/ Shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zare ba. Marini sai ya zuba baba da toka da katsi a rijiyar rini, ya bar su kwanaki yana motsawa. Bakteriya ne ke cinye iskar da ke cikin ruwan, su juya shunin ya narke. Shi ya sa zane ke fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi.

3/ Ba ƙaramar sana'a ba ce fa. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da 1498. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannun tufafinta suna kaiwa Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Turkuɗin Kura kuwa, Buzaye ba su da rawanin da ya fi shi.

4/ To me ya karya ta? A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin masana'anta, bayan binciken Adolf von Baeyer. Kafin 1914 noman baba a Indiya ya durƙushe. Nan ma rinin kanti da yadin waje suka yi ta cinye kasuwa, rijiyoyi suka cike da shara.

5/ Sai dai shunin masana'anta daga man fetur ake samo tushensa, kuma sinadarin da ake narkar da shi yana gurɓata koguna.

6/ Abin mamaki, sai masana suka dawo wa bakteriya. A 1983, a kamfanin Amgen na Amurka, aka dasa wa E. coli ƙwayar halittar wata bakteriyar ƙasa, sai ga ta tana fitar da shuni. A 2018 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka sa ta yin ainihin sinadarin da ke cikin ganyen baba.

7/ Bambancin shi ne su sun san sunan kowace ƙwaya, sun rubuta, sun yi rajistar mallaka. Namu ilimin yana hancin tsoho da harshensa: ya sansana ko ya ɗanɗana, ya ce rini ya nuna.

8/ Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya Dutse da BUK, ga aikin bincike a bakin ƙofa: ku ɗebo ruwan rijiyar da ke aiki, ku gano su wane ne a ciki.

9/ Kai kuma, in akwai unguwar Marina ko Karofi a garinku, nemi dattijon da ya yi sana'ar, ka ɗauki muryarsa a waya yau. Ku faɗa mini garuruwan a ƙasa, mu tattara.