Za a iya dawo da dabbobin da suka ƙare?

Yau zan kai ku Sifaniya. A shekarar 2000 bukardo ta ƙarshe, wata irin akuyar dutse, ta mutu, amma masana sun riga sun daskarar da ƙwayoyin fatarta. A 2003 wata akuya ta haifi kwafinta, sai dai cikin 'yan mintuna ciwon huhu ya kashe jaririyar.

Kun ga, kwafi sai da lafiyayyar ƙwayar halitta. To ina ga mamot, giwa mai gashi da ta ƙare shekaru 4,000 da suka wuce? DNA ɗinta ya ragargaje. Dainaso kuwa, bayan shekaru miliyan 66, ko ɓurɓushinsa babu.

A ganina, iyakar abin da za a samu ita ce giwar da aka yi wa kwaskwarima. Gara mu tsare masu rai tun kafin su ƙare.