Khal ɗin balsamik: mene ne shi, kuma da me za a maye gurbinsa a Duwala?

Masu girkin biki da masu sayar da salak a New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala suna yawan cin karo da sunan "vinaigre balsamique" a tsarin girke-girken Faransanci. Tumatir da latas da kokwamba da fiya duk suna samuwa a Kasuwar Sandaga, inda manyan motoci ke sauke ɗanyen kaya daga yammacin Kamaru, albasa kuma daga Arewa. Shi kuwa balsamik daga Turai ake shigo da shi, galibi sai a manyan kantuna, kuma kuɗinsa ya fi na ruwan khal na yau da kullum nesa ba kusa ba. Ga mai lissafin riba a kan kowane faranti, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ana iya kusantar ɗanɗanonsa da kayan da Bahaushe ya saba da su: tsamiya, zoɓo, dabino da mazarƙwaila.

Asalinsa

Balsamik ɗan lardunan Modena da Reggio Emilia ne a arewacin Italiya, kuma iri biyu ne. Na gargajiya da ruwan inabi zalla ake yin sa. A dafa shi ya yi kauri, sannan a zuba a jerin gangunan katako, daga babba zuwa ƙarami, a bar shi ya tsuma aƙalla shekara 12, mafi daraja kuma 25. A kwalba mai mililita 100 ake sayar da na Modena, kuma Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya a shekarar 2000.

Na biyu, mai alamar IGP tun 2009, shi ne aka fi gani a kanti. Haɗi ne na dafaffen ruwan inabi da khal ɗin da aka samo daga giyar inabi, an kuma yarda a ƙara ƙonannen sukari har kashi 2 cikin 100 saboda launi. Kwana 60 sun ishe shi tsuma. Kamaru ma ta san irin wannan kariya: masoron Penja da farar zumar Oku sun samu rajista a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde a 2013.

Abin da ake nema a cikinsa

Abu huɗu ne suka haɗu a balsamik: tsami, zaƙi, kauri da duhun launi mai ƙamshin ɗan itace. Farin khal tsami kaɗai gare shi, lemun tsami ma haka. Saboda haka kowane madadi ƙa'idarsa ɗaya ce: a samu khal, a ba shi zaƙi da ɗan itace, a ƙone ruwan har ya yi kauri. Ba zai kamo ƙamshin gangar da ta shekara 12 ba, amma a cikin salak ko a kan gasasshen nama, ya kusa da na kanti ƙwarai.

Hanyoyi huɗu

Ta gaggawa. A haɗa cokali 4 na khal ɗin tuffa da cokali 1 na zuma ko dakakkiyar mazarƙwaila, a motsa har ta narke. Idan farin khal ne mai kashi 8 cikin 100, a sa cokali 3 da ruwa cokali 1, domin ya fi balsamik kaifi. Wannan ta dace da salak ɗin da za a ci nan take.

Ta tsamiya da dabino. A jiƙa tsamiya giram 100 da dabino 8 da aka cire wa ƙwallo a ruwan zafi kofi ɗaya da rabi, na tsawon minti 30. A dama, a tace da rariya mai laushi. A zuba khal rabin kofi da gishiri kaɗan, a ɗora a wuta marar ƙarfi har ya koma rabi. Ita ce ta fi kauri da duhu, kuma ta fi dacewa da tsire, wanda a Kamaru ake kira "soya", da gasasshen kifi.

Ta zoɓo. Zoɓo shi ne "foléré" a bakin mutanen Duwala, sunan da aka aro daga Fillanci. A tafasa cikin hannu biyu na busasshen zoɓo a ruwa rabin lita na minti 10, a tace, a zuba sukari cokali 6, a ci gaba da dafawa har ya koma rabi. A ƙara khal cokali 6, a bar shi minti 5 a sauke. Launinsa ja ne mai duhu, kuma yana kyau a kan fiya da tumatir. Kada a sa kanwa kamar yadda wasu ke yi don kashe tsamin zoɓo, domin tsamin ne ake nema.

Ta ruwan inabi. Ita ce ta fi kusa da asali. A samu ruwan inabi na kwali wanda aka rubuta "100% jus de raisin", a dafa lita 1 a hankali har ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan ya huce a haɗa da khal daidai wa daida, a ɗanɗana, a gyara.

A duk hanyoyin da ake dafawa, a sauke da zarar ya fara kama bayan cokali, saboda yana ƙara kauri idan ya huce. Idan aka bari sukarin ya ƙone, ɗaci zai yi, kuma ba ya gyaruwa.

Tukunya da ajiya

Tsami yana cin alminiyam. Tukwanen zubi da aka sani da "macocotte" ba su dace da wannan aiki ba: suna sauya ɗanɗano, kuma ƙarfen yana shiga abincin. A yi amfani da tukunyar silba marar tsatsa ko mai ruɓin tangaran wadda ba ta fashe ba. A buɗe taga, domin tururin khal yana shiga ido da hanci.

A zuba a kwalbar gilashi da aka tafasa aka shanya, a rufe, a sa a firji, a cinye cikin mako biyu. Zafi da laimar Duwala, ga kuma ɗaukewar wuta, suna saurin kawo funfuna, don haka gara a riƙa yin kaɗan-kaɗan. Duk kwalbar da ta yi funfuna, ko kumfa, ko warin tsumammen abu, a zubar da ita. Ba a adana kayan lambu na dogon lokaci da wannan haɗi, tun da ba a auna ƙarfin tsaminsa ba. Wanda aka yi da zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Rubutun kwalba da batun halacci

Kalmomin "vinaigre de vin" da "vinaigre d'alcool" suna tayar wa Musulmi da dama hankali. Suna nuna abin da aka samo khal ɗin daga gare shi ne, domin a wajen yin khal ƙwayoyin halitta na bakteriya suna mayar da barasa ta zama sinadarin tsami. Khal ɗin tuffa ma ta wannan mataki yake bi. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa giyar da ta rikiɗe ta zama khal da kanta ta halatta, sun kuma yi saɓani a kan wadda aka juya da gangan, inda Hanafiyya suka halatta, Shafi'iyya da Hambaliyya suka tsananta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malaminsa, ko ya yi haɗin tsamiya da na zoɓo da lemun tsami a madadin khal, ya cinye cikin kwana uku.

Ga masu sana'a

Mai sayar da abinci da ta yi wannan haɗi ta kira shi da sunansa: miyar salak ta tsamiya, ko ta zoɓo. Rubuta "Modena" a kan abin da aka dafa a New Bell yaudarar mai saye ce, kuma ba a bukatar hakan. Wanda ya tashi da kunun tsamiya da zoɓo ya riga ya san wannan ɗanɗano, sabon wuri kawai aka ba shi a kan faranti.