“Wurin Wane Na Koya”: Aikin Bayan Fage A Wasan Kwaikwayon Hausa

Ka tambayi mai haske ko mai ɗaukar sauti a Kano, Kaduna ko Jos inda ya koyi aiki, da wuya ya ambaci makaranta. Sunan mutum zai kira maka: wurin wane na koya, shi kuma a gidan talabijin ya koya. Haka silsilarmu take, mu da muka tsufa muna jan waya, muna hawa tsani, muna ɗaure labule. Makarantar koyon wannan aiki ta sha leƙo mu tana komawa, kuma a ganina rashin zamanta ya fi rashin kuɗi yi wa sana'ar illa.

Tun kafin a san dandali, yaron da zai fita tashe shi ne telan kansa, shi ne mai kwalliyar kansa: gemun auduga, tsumma a cusa a ciki ya zama tumbi, toka a kai ta zama furfura. Da wasa ya shiga makarantun boko, bayan littafin wasanni shida da Rupert East ya fitar a shekarun 1930, da Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, sai aikin bayan fage ya faɗa kan malamin sassaƙa da ɗalibansa. Zanin gado ya zama labule, teburan aji su zama dandamali, a rataya fitila mai famfo a gefe. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin ilimi. Taimako ake kiransa.

Koyo na gaskiya ya fara ne a 1962, da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna. A nan ne Bahaushe ya tsaya bayan kyamara ana nuna masa dalilin kowane abu. Jama'a sun riƙe sunan Samanja da na Ƙasimu Yero, amma kowane shiri nasu akwai mutanen da suka kwana suna haɗa bariki ko zaure da katako da fenti. A ɗakin ɗaukar shiri aka koya mana cewa fitila ɗaya ba ta isar fuska: akwai babba da ke haska ta, akwai mai kashe inuwa, akwai ta baya da ke raba mutum da bango. A nan kuma muka gamu da matsalar da littattafan Turawa ba su damu da ita ba, wato baƙar fuska a saman farar babbar riga. Ka buɗe idon kyamara don fuska ta fito, riga ta ƙone da haske, aikin da ke wuyanta ya ɓace. Ka rufe don riga, mutum ya koma inuwa. Tsofaffi suka gano maganin da hannunsu: a tsoma farin yadi a ruwan shayi ya ɗan dushe, ko a roƙi ɗan wasa ya zo da shuɗiya. Bayan da gidajen talabijin suka koma ƙarƙashin NTA a 1977, aka kafa kwalejin horar da ma'aikata a Jos. Sai dai a wancan lokacin ƙofarta ta ma'aikacin gidan ce. Ɗan ƙungiyar wasa na unguwa bai da hanyar shiga.

Zariya ce ta kusa ba mu abin da muke nema. Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad wanda ya koyar da fasahar dandali a Jami'ar Ibadan, ya zo Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Shi da Umaru Ladan suka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandali, aka buga shi a 1975. Wanda ya san aiki ya san nauyin wannan: labari ne mai ayari, da fada, da hamada, da shekaru masu yawa, kuma dole a nuna su duka a fili ɗaya da haske da sutura da 'yan kayan da mutum biyu za su iya ɗaukewa cikin duhu.

A tsakiyar shekarun 1970 ɗin ne kuma aka gina ɗakin wasan jami'ar na ginin ƙasa, wanda Steven Ehrlich, Ba'amurke mai koyar da zanen gini a can, ya tsara lokacin da Michael Etherton ke jagorancin karatun wasan kwaikwayo. Bai kwaikwayi zauren Turawa mai labule a gaba ba. Gidan Bahaushe ya duba: ɗakuna masu jinka kewaye da tsakar gida, sama a buɗe, magina na gargajiya suka ɗora tubali. Har yau ban ga ajin da ya kai wannan gini koyar da ɗan bayan fage ba. Masu kallo na iya kewaye wasa ta kowane ɓangare, don haka ba inda za ka ɓoye kuskure, kuma fitilar da ta gyara fuskar ɗan wasa ta nan tana iya kashe idon mai kallo ta can. Damina na zuwa ta ci bango, sai an yi yaɓe. Jinka na tsufa, sai an sake baibaya, kuma wanda ya rataya fitila mai zafi kusa da busasshiyar ciyawa ya san ba a wasa da waya.

To me ya hana wannan haifar da ƙwararru masu yawa? Abu biyu na gani. Na farko, Zariya ta karkata ga kai wasa ƙauye, irin Wasan Manoma, inda ake zama da talakawa a gina labari kan matsalarsu, a yi shi da rana a ƙofar gidan mai gari. Aiki ne mai daraja, ina girmama waɗanda suka yi shi. Amma wasan da ba ya buƙatar fitila ba ya renon mai haske, kuma a hankali aka fara kallon kayan fasaha kamar ƙawa ce ta 'yan birni. Na biyu ya fi ciwo. Wanda ya sami digiri ba ya son ya ƙare rayuwarsa a kan tsani, sai ya tafi koyarwa ko ofis. Wanda kuma zai so tsanin, ɗan kafinta ko yaron mai gyaran rediyo, ba shi da takardar shiga jami'a. Ilimin ya tafi wajen wanda ba zai yi aikin ba, aikin ya rage wa wanda ba a ba ilimin ba.

Bikin FESTAC na 1977 ya zo da kayan aiki masu tsada da babban gidan wasa na ƙasa a Legas. Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, ƙwan fitila ɗaya ya gagari saye. Na shiga zauruka da dama na ga fitilu jere a sama, rabinsu matattu, na'urar rage haske ta zama wurin ajiye takardu.

Sai bidiyo ya zo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kuma masu aikin farko ma'aikatan talabijin ne da ke fitowa bayan an tashi. Da kasuwa ta buɗe suka yi kaɗan, sai kowane ya ɗauki yara. Tsanin da aka hau ke nan har yau: ka fara da ɗaukar jaka da tayar da janareta, a ba ka allon mayar da haske, a ba ka sandar makirufo, ka riƙe littafin da ake rubuta wace hula jarumi ya sa a fitowar jiya, in Allah ya yi da rabo wata rana maigida ya ce, “Kai, zo ka riƙe kyamarar nan.” Ba na raina wannan hanya, ita ta yi ni. Tana koyar da sauri, da haƙuri, da yadda za ka haɗa fadar sarki da darduma uku da mashi biyu kafin rana ta karkata.

Abin da ba ta koyarwa shi ne dalili. Yaro ya san maigidansa a nan yake ajiye fitila, bai san me ya sa ba, don haka ranar da ɗaki ya sauya sai ya rasa ta yi. Bai san fitila mai wat 1,000 tana jan sama da amfiya 4 ba, kuma soket na gida 13 kawai yake ɗauka, sai ya jona huɗu a wuri ɗaya. Na ga waya ta narke a ƙarƙashin kafet a ɗaki cike da mutane, na ga yaro ya taɓa ƙarfen fitila da jiƙaƙƙen hannu. Sauti kuwa shi ne marayan sana'ar: shekaru muka yi muna jin kukan janareta a bayan hirar masoya, saboda ba wanda ya gaya wa mai makirufo cewa kusantar baki ta fi ƙara murya a na'ura.

Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos ta yaye wasu daga cikinmu, kuma bambancinsu a lokeshan a bayyane yake. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano, har da wurin horo a cikinsa, aka soke bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Muhawarar duk a kan tarbiyyar 'yan wasa aka yi ta. Ban ji wanda ya ambaci mai waya ko tela ba. Tashar Arewa24, da ta fara a 2014, ta kawo wani horon ta bayan gida, domin shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa ba ya yiwuwa sai da jadawali a rubuce da sauti mai tsabta.

Abin da nake roƙo ba digiri ba ne. Kwalejojin fasaha na jihohinmu suna koyar da wayarin, da kafinta, da ɗinki. A ƙara musu kwas na wata shida kan haske, sauti, gina fage da sutura, a koyar da Hausa, a karɓi mai aiki a lokeshan ko da firamare ya tsaya, a gwada shi da hannu, a ba shi takardar da zai nuna. Malaman suna nan: tsofaffin ma'aikatan talabijin na Kaduna, Kano, Sakkwato da Jos da suka yi ritaya, yawancinsu sun haura shekara 70, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba.