Motsi Kafin Kama: Nazari a Kan Koton Yaudara na Hannu Daga Aikin Lauri Rapala

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sassaƙa koton yaudara, wato ɗan kifin katako da masu fatsa don nishaɗi a Turai da Amurka ke ƙerawa a gida maimakon tana ko ɗanyen kifi. An bi tarihin aikin, aka tsaya a kan koton da Lauri Rapala ya sassaƙa a Finland a 1936. Ra'ayin maƙalar shi ne motsin koto a ruwa ya fi kamanninsa tasiri, kuma a nan ne mai aikin hannu yake da abin cewa.

Gabatarwa

Yaudarar kifi da abin da ba abinci ba daɗaɗɗiyar dabara ce. Marubucin Rum Aelian, wanda ya rayu tsakanin ƙarni na 2 da na 3, ya bayyana yadda mutanen Masedoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara biyu, kifi ya ɗauka ƙwaro ne. A Amurka, James Heddon, mai kiwon zuma a Dowagiac ta jihar Michigan, ya sassaƙa kwaɗin katako a shekarun 1890, daga baya abin ya zama kamfani. Dukkansu da wuƙa da zare suka fara, kuma har yau masu sha'awa na wannan aiki a kan teburin gida, musamman da hunturu idan ruwa ya daskare.

Koton 1936

Rapala (1905 zuwa 1974) talakan masunci ne a tafkin Päijänne. Abin da ya lura da shi daga cikin kwalekwalensa shi ne, idan babban kifi ya afka wa garken ƙanana, ba ya kamun kan mai uwa da wabi. Wanda ke tangaɗi, mai rauni, shi yake zaɓa. Sai ya ɗauki wuƙar baduku ya fere ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya lulluɓe da takardar ƙyalli ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe don kada ruwa ya shiga. Kayan duk tsintuwa ne. Abin da ya ci masa lokaci shi ne gyara, yana ragewa yana jefawa a ruwa, har koton ya koyi tangaɗin nan.

Dalilin da ya sa tangaɗin ke jan kifi yana jikin kifin kansa. Akwai layin jijiyoyi da ya bi gefensa daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa ko a duhu ko a gurɓataccen ruwa. Fenti na aiki ne idan ido ya gani. Girgiza kuwa tana isa ko ido bai gani ba.

Abubuwa uku ke haifar da motsin. Katako marar nauyi irin balsa, wanda bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ruwa ba, yana amsa ɗan ja kaɗan. Nauyin da aka cusa a ƙasan ciki yana hana shi kifewa. Sai leɓen da ake dasawa a ƙarƙashin baki, wanda a ganin mai wannan nazari shi ne zuciyar aikin: idan ya miƙe gaba kusan daidai da jiki, koton ya nutsa can ƙasa, idan ya sunkuya sosai, ya tsaya kusa da sama yana rangaji mai faɗi. In koton na karkata hagu, ana lanƙwasa zoben da ake ɗaura zare zuwa dama, kaɗan kaɗan, a sake gwadawa. Abin lura ne cewa kamfanin Rapala, duk da girmansa, ya riƙe al'adar gwada koto a kwatarnin ruwa kafin ya fita kasuwa. Mai yi a gida ya fi shi da abu guda: ya san ruwan da zai jefa, zurfinsa da gudunsa da irin kifinsa.

Matsalar darma

Da yawa daga masu wannan sha'awa su ke zuba nauyin darma na kotonsu da kansu, domin darma na narkewa a digiri 327, zafin da murhun gida ke kaiwa. Ƙurarta da hayaƙinta guba ne, yara kuma sun fi cutuwa. Wadda ta ɓace a ruwa ma ba ta tafi ba: tsuntsayen ruwa na haɗiye ta tare da tsakuwa, ƙundu ya niƙe ta, ta shiga jini. Mutuwar suwan, manyan agwagin ruwa masu dogon wuya, ita ta sa Ingila ta hana darmar fatsa daga giram 0.06 zuwa 28.35 a 1987. Batun ya shafi masuntanmu da ke narka darma don bakin birgi, sau da yawa a tsakar gida. Ƙarfe da kuza da tungsten duk suna iya maye gurbinta. Tungsten ya fi darma nauyi, giram 19.3 a girman da darma take 11.3, don haka ɗan ƙwaya kaɗan ya isa a cikin koto, sai dai ba ya narkewa a murhu, dole a saye shi a shirye.