Tamale a Zamanin Yaƙin Bama

Tun da muna bikin tunawa da aikin bishara a ƙasar nan, ya kamata mu waiwayi shekaru shida, daga 1939 zuwa 1945. Ba a harba bindigar yaƙi ko ɗaya a Tamale ba, amma yaƙin ya shiga kasuwa, ya shiga Zongo, ya shiga majami'a. Ni ban ga zamanin ba, a bakin tsofaffinmu na ji yadda aka zauna.

Sa'ad da yaƙi ya tashi cikin watan Satumba na 1939, aikin mishan yana jariri. A 1931 ne Lloyd Shirer da matarsa Margaret, na Assemblies of God, suka gangaro daga ƙasar Mosi suka sauka Yendi, daga baya aiki ya kai Tamale. Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa a 1932 aka buga shi cikakke. Masu Bi 'yan kaɗan ne, masu karatu cikinsu sun fi kaɗan. Tamale ita ce mazaunin babban Baturen Arewacin Gwalkwas, don haka nan labari yake fara sauka. Sunan Jamus kuma ba baƙo ba ne a kunnen Dagwamba. Sun yi karo da su a Adibo a 1896, Yendi ma tana hannunsu har 1914. Da aka ce Jamus sun sāke tashi, dattawa sun san abin da ake faɗi.

Tsoro na gaske ya zo a watan Yuni na 1940, da Faransa ta fāɗi. Ƙasashen Faransi da ke kewaye da mu, gabas da yamma da arewa, suka bi gwamnatin Vichy mai bin umarnin Hitila. Aka tsananta tsaron iyaka. Hanyar Wagadugu, wadda shanu ke gangarowa ta kanta, goro yana hawa, wadda kuma bishara ta biyo ta iso mu, ta zama abin ɗar-ɗar. Aka share filin jirgin sama na soja a Tamale. Hankali bai kwanta ba sai Nuwamba 1942, da Faransawan Afirka ta Yamma suka koma wajen Ingila da Amurka.

Soja kuwa daga Arewa aka fi ɗibarsu tun dā, har Hausa ce harshen bariki. Aka nemi sarakuna su kawo samari. Waɗanda aka fara tafiya da su a 1940 sun yaƙi Italiya a gabashin Afirka: El Wak a Disamba, haye kogin Juba a Fabrairu 1941, sa'an nan Wadara a ƙasar Habasha. Duka-duka mutanen Gwalkwas wajen 65,000 suka sa kaki kafin yaƙi ya ƙare.

Ku lura da abin da ya sami ikilisiya. A watan Afrilu na 1941 jirgin yaƙin Jamus ya nutsar da wani jirgin ruwa mai suna Zamzam cikin tekun Atlantika, yana ɗauke da 'yan mishan fiye da ɗari daga Amurka zuwa Afirka. An tsamo mutanen, amma daga nan kowa ya gane teku ba ta da aminci. Sabon ma'aikaci ba ya zuwa da sauƙi, wanda zazzaɓi ya cinye ba shi da hanyar komawa gida ya huta. To, wa zai riƙe sujada ran Lahadi a ƙauye? Sai ɗan ƙasa, mai keke ko mai tafiya a ƙasa. A ganina ba a yaba wa waɗannan mutane yadda ya kamata ba. Hotunan Turawa muna da su, nasu kuwa da ƙyar.

Zaman gida ya yi tsanani. Kananzir da ashana da yadi da gishiri suka yi tsada, wani lokaci ko da kuɗinka ba ka samu. Addu'ar dare sai da fitilar man kaɗe, ko a yi ta da farin wata. Matar soja tana jiran ɗan abin da ake yanko mata daga albashin miji, tana jiran takarda. In takarda ta zo, sai a nemi mai karatun boko, sau da yawa kuwa yaron mishan ne. Zai zauna a zauren Musulmi, ya karanta wa uwa gaisuwar ɗanta, ya rubuta amsa. Wata rana kuma abin da ke cikin takardar ba gaisuwa ba ne, shi ne dai zai faɗa.

Daga 1943 sai aka fara jin sunan Bama. Runduna ta 81 ta haye teku zuwa Indiya a shekarar, ta shiga kwarin Kaladan ta yaƙi Japan. Ta 82 ta bi ta a 1944. Alamar ta 81 baƙin gizo ce, Ananse na tatsuniyar Asante, ɗan'uwan Gizo namu. Ta 82 kuwa māsu biyu ne bisa gammo, gama a dajin nan mota ba ta shiga, a kā ake ɗaukar harsashi da abinci da ake jefowa daga jirgin sama. Uwa a Tamale ba ta san inda Bama take ba, amma gammo ta san nauyin abin da ke kansa. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung.

Japan ta miƙa wuya a Agusta 1945, amma komowar samari ta ja har cikin 1946. Wasu sun komo da tuƙin mota, da ɗan Turanci, da karatu, wasu da ciwo, wasu ba su komo ba. Alkawuran aiki da fensho ba su cika yadda suka zata ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin soja suka nufi gidan Gwamna a Ankara da takardar kuka, 'yan sanda suka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Shekara tara bayan haka, ran 6 ga Maris 1957, Gwalkwas ta zama Gana. Wanda ya je Ankara zai ga Burma Camp, a Takoradi akwai barikin Myohaung, a Kumasi na Uaddara, wato Wadara. Namu na Tamale, Kamina, sunan yaƙin 1914 ne a Togo.