Maɗorin Soba da Kafaɗar Ɗan Dako

Kakana ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka, guzurinsa allo da buta da sana'ar ɗori da ya gada. Hanyar tsohuwa ce, amma ta ƙara cika bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kaka ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira don tara kuɗin jirgi. Ya sauke farali, amma gida bai koma ba. Daga unguwar Ishash Fallata ta Khartum, ƙarshe muka tare a Soba.

Soba ɗin ma tsohuwar zuma ce. A gabashin Shuɗin Nilu kufan babban birnin daular Alwa ta Kiristoci yake, wadda ta faɗi wajen 1500, har aka riƙa kwasar jan tubalinta ana ginin Khartum. A yamma kuwa, inda muka zauna, asibitin koyarwa na Jami'ar Khartum ne, wanda aka buɗe a 1975.

Mu a gida maɗori muke cewa, Larabawa maƙwabta kuwa basir, wato mai basira, kuma sunan nasu ya fi burge ni. Sun daɗe da sana'ar su ma. A Umdurman gidan Bati ya yi suna a kanta, har mace cikinsu, Bit Bati, ta shahara.

Ina ɗan shekara goma aka kawo wani ɗan dako daga kasuwar kayan gwari, buhun albasa ya goce masa da kafaɗa. Yana tallabe da gwiwar hannu, gumi na tsiyaya, ko ƙuda ya sauka sai ya zabura. Kaka bai taɓa shi ba. Ya sa aka kawo shayi.

"Ɗana, baki nawa kake ciyarwa?"

"Takwas, Baba. In hannun nan ya mutu, mun mutu."

"Gocewa ce, ba karaya ba. Da shi za ka ɗauki jikanka."

Na ga numfashin mutumin ya sauka. Sannan Kaka ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya kwantar da shi a tabarma, ya dafa diddige a hammatarsa, yana ja a hankali yana tambayarsa farashin albasa. Ƙas! Ƙashi ya koma mazauninsa. Daga baya ya ce min, jikin mai tsoro ƙanƙamewa yake, ko mutum huɗu suka ja ba zai saki ba. Ya kuma aika ni gun shugaban 'yan dako, aka yi karo-karon cefanen mako uku. A ganinsa wannan ma cikin ɗorin yake, don mai tunanin tuwon gobe ba ya barci, marar barci kuwa zoginsa ninkuwa yake.

Likitocin Sudan ba su makara da gane wannan ba. Tijani al-Mahi, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1970, kuma ake kira uban likitancin ƙwaƙwalwa a Afirka, bai raina shehunnai da masu zar, wato borin can, ba, zama ya yi yana nazarin aikinsu. Asibitin masu taɓin hankali na Umdurman sunansa yake ɗauke da shi. Sai a 1979 ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta rubuta a ma'anar zafin ciwo cewa da jiki da zuciya ake jin sa.

Ba zan wanke sana'ar tas ba. Na ga yaron da wani maɗori ya tamke wa kara fiye da kima, jini ya tsaya, hannu ya yi baƙi, aka yanke. Na ga kafaɗar da aka ɗaure wata biyu ta sanƙare, mai ita ko hula ba ya iya sawa. Shi ya sa, bayan zuwan hoton ƙashi, in Kaka ya lalubi kafaɗa ya ji ƙurus-ƙurus, sai ya ce a tafi asibiti tukuna. Abin dariya, wasu su karɓi hoton su dawo masa da shi, ya ɗaga a rana ya duba a juye.

Cikinmu babu wanda ya gaje shi. Tabarmar da ƙwaryar man shanun suna ɗakinsa har yaƙin Afrilun 2023 ya tashe mu, muka rufe ƙofa muka nufi Mai Wurno.