Motsa tsokar ciki: shin yana rage teɓa?

Mai karatu, wataƙila ka ga samarin da suka dawo daga cin rani suna kwanciya rigingine a kan tabarma, suna tashi suna komawa har sau ɗari. A birnin Damagaram wannan abu ya daɗe. Matasan unguwar Kara-Kara suna da wuraren ɗaga ƙarfe, kamar yadda Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta mai suna Zinder a shekarar 2021. Yanzu wayar salula ta kawo hotunan masu shafaffen ciki har ƙauyukan Falanko. Shin wannan wahala tana da amfani?

Tana da amfani, amma ba wanda yawancin mutane suke nema ba.

Tsoka daban, kitse daban

Tsokokin ciki suna kewaye da hanji kamar ɗamara. Su ne suke riƙe ƙashin baya idan ka sunkuya da hauya, ko kana jan wasaki a rijiyoyin Damargu masu zurfi, ko ka ɗauki damin hatsi. Kitse kuwa yana kwance a kan tsokar, wani kuma yana can ciki a jikin hanji da hanta. Idan jiki yana bukatar ƙarfi, yana ɗibar kitse daga ko'ina, ba daga wurin da kake motsawa kaɗai ba.

An gwada wannan a Amurka. A wani bincike da aka buga a shekarar 2011, an ɗauki mutum 24, aka sa wasunsu suna motsa ciki kwana 5 a kowane mako har mako 6, ba tare da sun sauya abinci ba. Tsokarsu ta ƙara juriya, amma kitsen cikinsu bai ragu ba. Dubi kuma ƴan kokowa masu neman takobin ƙasa, gasar da aka fara a Tawa a shekarar 1975. Da yawansu ba su da shafaffen ciki, amma wa zai ce ba su da ƙarfin ƙugu?

Wa ya kamata ya damu?

Manomi da damina, da matar da take daka safe da yamma, sun riga sun motsa jiki fiye da yadda ake bukata. Wanda ya kamata ya kula shi ne mai zama a shago ko ofis, mai hawa babur zuwa ko'ina, mai shan shayi da suga sau uku a yini. Mutanenmu kan ce teɓa alamar arziki ce. A ganina alamar zama ce, kuma kitsen da yake can ciki yana da alaƙa da hawan jini da ciwon suga.

Ga hanyar awo da ba ta bukatar kuɗi. Ka sami igiya, ka auna tsawonka daga kai zuwa diddige, ka ninka ta biyu. Ka zagaya ta a cikinka, sama kaɗan da cibiya. Idan bakunan igiyar sun haɗu, madalla. Idan ba su haɗu ba, ka rage suga da soye-soye, ka ƙara tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2020 cewa babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka kwana 2. Wato tafiyar sauri ta minti 30, kwana 5.

Idan kana son ƙarfafa cikin saboda bayanka, musamman da rani sa'ad da aikin gona ya ƙare, ba sai ka yi ɗari ba. Ka kwanta rub da ciki, ka ɗaga jikinka a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar taɓarya. Ka ƙirga zuwa 20 kana numfashi, ka huta, ka sake sau uku. Idan bayanka ya yi zafi, ka daina.

Ba kowane babban ciki ne kitse ba

Ke mai jego, ciki yakan raba tsokar gaba gida biyu, kuma tana ɗaukar makonni kafin ta koma. Kada ki yi ta tashi da kwanciya da ƙarfi. Ki tambayi ungozoma a asibiti tukuna, balle idan tiyata aka yi miki. Ɗaure ciki da zane ba ya narkar da kitse.

Mai gwaiwa, ko mai kumburi a cibiya ko a matsematsi, kada ya yi wannan motsi kafin likita ya duba shi, domin yunƙuri yana iya ƙara turo hanjin. Babban da cikinsa ya kumbura alhali hannuwansa suna ramewa, wannan ba teɓa ba ce, yana iya zama ruwa ne saboda ciwon hanta. Yaro mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu kuwa, yana iya zama tamowa ce ko tsutsar ciki. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira ranar kasuwa.